Fankar da Ta Hana Layi Barci

Shekara goma sha ɗaya na yi a kamfanin wanki da guga, biyar a bakin teburin guga, shida riƙe da makullan reshenmu na bakin kasuwa. A tsawon wannan lokaci ko safa ƙafa ɗaya ta wani ban taɓa ɓatarwa ba. Ina faɗin haka tun yanzu ne don a san irin matar da ƙanin mijinta ya kayar da fanka da fensir.

Reshenmu ba ya ajiye komai sai tufafin mutane. Sunan mai kaya, lambar wayarsa, riga nawa, wando nawa, an wanke ko ba a wanke ba, duk suna can cikin rumbun bayanai a babbar kwamfutar hedkwata, ƙetaren gari. Tamu da ke kan kantar shago layin sadarwa take bi ta tambayo. Da safe lafiya lau, kana dannawa amsa na zuwa. Amma da rana in mutane suka ɗauke ƙafa muka zauna cin abinci, duk wanda ya fara shigowa bayan nan ya shiga uku. Mai Kanta, yarinyar da ke karɓar kaya, za ta buga lambarsa, sai wani ɗan zobe ya fito a allo ya kama juyi. Ya juya, ya juya, sai ya ci kusan minti goma sha biyar kafin kwamfutar ta yarda cewa layi ya yanke. Kafin a kashe a kunna, mutane sun cika shago sun tsiyaya har ƙofar Tela maƙwabcinmu.

Uwar Ɗaki, wato mai kamfanin, mace ce da ba ta maimaita magana. Ta kira ni ta ce ƙorafi ya ishe ta, ta ba ni wata ɗaya. Akwai injiniyar da ke duba wa kamfanin layukansa, wata shiru-shiru da muke kira Mai Tabarau, amma rassa tara ne a wuyanta, namu kuma ta ce sai bayan mako uku. Kuskuren da na yi shi ne na kai wannan damuwa gida, na faɗe ta a gaban surukata.

"Ikon Allah!" in ji Mama. "Ga injiniya a gida yana zaman kashe wando, ke kuma kina jiran bare?"

Injiniyan shi ne autanta. Kwas ɗin mako shida ya yi, ya fito da jaka cike da wayoyi da wata igiya da yake ratayawa a wuya ko wanka zai shiga. Sunansa na yanka ma an manta, kowa Sha-Yanzu yake ce masa, don ko mutuwar aure ka kawo masa zai ce wannan ai sha yanzu magani yanzu ne. Rediyon Mama da ya buɗe bara har yau a cikin leda yake.

"Matar Yaya," in ji shi, yana kaɗa ƙafa, "ni kwamfuta daga jin numfashinta nake gane ciwonta. Minti biyar ki ba ni. In na kai shida ki canza mini suna."

Na kalli maigidana ko zai cece ni, ya duƙar da kai cikin kwano kamar an ɓoye masa wani abu a ƙasan abincin. Washegari na kai Sha-Yanzu gaban Uwar Ɗaki. Ta dube shi sama da ƙasa, ta dubi igiyar wuyansa, sannan ta dube ni.

"Kin tsaya masa?"

"Na tsaya masa, ranki ya daɗe."

"To. In ya gyara, na gode. In ya ɓata, ba shi zan nema ba, makullanki zan karɓa."

Ranar farko ya iso reshe ya zagaya kwamfutar sau uku hannu a baya, ya kara kunne a jikinta, ya girgiza kai. Ya ce zafi ne. Ya ɗauko tawul ɗin wani otal daga cikin kayan wanki ya jiƙa ya lulluɓa mata. Da rana zobe ya fito ya yi juyinsa yadda ya saba. Rana ta biyu ya ce layin ba ya samun hanyar shigowa ne, ya ja teburin zuwa bakin taga ya cire labule, Mai Kanta ta wuni rana na gasa ta, zobe ya juya. Rana ta uku ya ce datti ne ya toshe maɓallai, ya shiga baya ya jawo bututun tururin da muke fitar da tabo da shi.

Baba Mai Guga, wanda ya girme mu duka kuma ya girmi kamfanin, ya leƙo yana goge zufa.

"Samari, in ka gama da tururin ka kawo ta in goge mata kari. Sitati za a sa ko a bar ta haka?"

"Baba, wannan ilimi ne, ba guga ba."

"Haka na gani. Ilimin ma har hayaƙi yake yi."

Maɓallan ba su ƙara motsi ba. Na je na samo wasu ban gaya wa kowa ba.

Da na ga mako ya tafi, sai na buga wa Mai Tabarau waya da kaina, na saki muryar kowa ya ji. Baiwar Allah ta saurara, ta tambaye ni tsawon lokacin da muke barin kwamfutar ba a taɓa ta, sannan ta ce ta gane. Ta ce tsakaninmu da hedkwata akwai katangar tsaro, abin da suke kira fayawol, mai gadin layi ke nan. Duk layin da ya yi rabin awa ba a ce komai a kansa ba, mai gadin sai ya ɗauka an tashi, ya rufe ƙofa. Kuma ba ya gaya wa kowa ya rufe. Kwamfutarmu tana nan tana zaton ƙofa a buɗe take, shi ya sa take tsayawa tana ta sallama ba mai amsawa.

"Maganin ba wuya," in ji ta. "Abin da za a yi kawai shi ne…"

Sha-Yanzu ya miƙa hannu ya kashe wayar.

"Kai! Don me ka yi haka?"

"Matar Yaya, ba na son a ce an gaya mini. Abin da ta faɗa tun ranar Litinin na gano shi, gwada ku nake yi." Ya gyara igiyar wuyansa. "Ashe lalaci ne ciwon. Layi ne ke barci saboda ku kuna barci. Daga yau babu zama a wannan reshe."

Na sake kiran Mai Tabarau, ta shiga taro. Na sake, ba ta ɗauka. Kafin yamma Sha-Yanzu ya manna takarda a bango da jan biro, ya sa mata suna Shirin Ba-Zama. Ya sayo ƙararrawa irin ta makaranta. Duk minti goma zai kaɗa, wanda sunansa ke kan takarda ya bar abin da yake yi ya rugo ya girgiza linzamin kwamfuta sau bakwai. Na tambaye shi dalilin bakwai, ya ce an yi bincike.

Ƙararrawa ta kaɗa Baba yana tsakiyar gugar wata farar riga. Ya zo ya girgiza, ya koma, ya tarar da hoton dutsen guga a bayan rigar, baƙi ƙirin, har da ramukansa. Ƙararrawa ta kaɗa Mai Kanta tana ban ɗaki, Sha-Yanzu ya tsaya a ƙofar yana ƙirga mata daƙiƙa. Muka wuni muna girgiza linzami kamar masu rarrashin jariri. Ƙarfe biyu mutum ya shigo, Mai Kanta ta buga lambarsa, zobe ya fito ya kama juyi hankalinsa kwance.

"Hannunku ne ba ƙarfi," in ji Sha-Yanzu.

"Injiniya," in ji Mai Kanta, ita kuwa ba ta iya ɓoye abu, "girgiza linzami ai a nan ɗakin yake tsayawa. Hedkwata ba ta san kana yi ba. Sai ka nemi sunan wani ka danna babban maɓalli sannan magana take fita."

Ya ce, "Madalla. Kin ci jarrabawar. Dama jira nake in ga wa zai lura."

Abin haushin shi ne, da aka koma danna babban maɓallin, abin ya yi aiki. Kwana biyu zobe bai fito ba. Sha-Yanzu ya fara tafiya kamar ƙasa ba ta isa ta ɗauke shi ba, a gida kuma Mama ta fara ce mini ai dama ta faɗa. Sai dai mu uku ne a reshen, aiki kuma ba ya jiran ƙararrawa. Baba ya ce shi an ɗauke shi guga ne, ba tsere ba. Mai Kanta ta ce ko dai a bar ta ta ci abinci zaune kamar ɗan Adam ko ta ajiye aikin. Sai Sha-Yanzu ya faɗaɗa takardarsa ya sa maƙwabta. Tela ya zo sau biyu da allura a baki, na uku ya ce kuma a daina kiran sunansa. Mai Aski, mutumin kirki, ya ji ƙararrawa ya baro wani bawan Allah da rabin kai a aske, mutumin ya biyo shi da ƙyalle a wuya har cikin shagonmu.

"Wai gobara ce?"

"A'a, layi muke tasa daga barci," in ji Mai Aski.

"To ni wa zai tashe ni daga wannan wulaƙancin?"

Daga ranar maƙwabta suka janye. Mai Aski ya ce in ya sake jin ƙararrawar nan zai aske mai kaɗa ta da reza marar kaifi. Na ja Sha-Yanzu gefe na ce masa don girman Allah ya haƙura, saura kwana tara Mai Tabarau ta zo.

"Ta zo ta yi me? Ta ɗauki lada a kan guminmu?" Ya buga ƙirji. "Ɗan Adam ne matsalar, Matar Yaya. Yana gajiya, yana jin yunwa, yana shiga ban ɗaki. Ni kuwa zan ƙera ma'aikacin da ba ya ko ɗaya. Ki gayyato Uwar Ɗaki ranar Litinin ƙarfe goma ta zo ta buɗe da hannunta."

"Me za ka ƙera?"

"Sirri ne. In na faɗa yanzu, gobe ki gan shi a kasuwa an sace mini."

Na ƙi gayyatarta. Shi da kansa ya buga mata waya, ya ce mata ni na ce. Ya kuma karɓi makullin ƙofa ta hannun yayansa, wanda ya ciro shi daga jakata don a zauna lafiya a gida. Har yau in na tuna wannan sai na ji raina ya ɓaci sabo.

Litinin ita ce ranar da kaya suka fi yi mana yawa, don duk abin da aka kawo ƙarshen mako yana nan jibge ba a taɓa ba. Na iso ƙarfe tara saura na tarar da shago a buɗe. An ɗaura zanin gado daga bango zuwa bango an kare teburin kwamfuta, an ɗaura jan ƙyalle a gabansa. Zanin yana kumbura yana lafawa. Daga bayansa kuma wani ɗan sauti na fita a jere, ƙwas, shiru, ƙwas.

"Me ke nan?"

"Mai Raya Layi," in ji Sha-Yanzu. Ya sa kwat ɗin wani da aka kawo wanki, hannun ya wuce yatsunsa. "Tun ƙarfe takwas yake aiki. Kada wanda ya leƙa sai an yanke ƙyalle. Yau a rubuta kayan mutane a takarda."

"Cire kwat ɗin mutane."

"Aro ne na awa ɗaya. Mai shi ma zai yi alfahari."

Ƙarfe goma saura kaɗan motar Uwar Ɗaki ta tsaya. Ta fito, bayanta Mai Tabarau da ƴar jakarta, ashe ta ɗauko ta ne ta zo ta ga abin al'ajabi. Tela da Mai Aski suka leƙo, don maƙwabci ba ya ƙin kallo kyauta. Sha-Yanzu ya hau kan kwandon wanki da ya kifa ya fara jawabi. Ya ce tun yana ciki Mama ta san injiniya za ta haifa. Ya ce manyan masana sun yi shekaru suna fama da barcin layi, shi kuwa dare ɗaya ya gama da shi. Yana cikin bayanin yadda za a sa na'urarsa a bankuna da filayen jirgi, sai wayar Uwar Ɗaki ta yi ƙara. Ta duba ta mayar jaka. Ta sake ƙara. Ta sake.

Ana haka wani dogo mai baƙin wando ya turo ƙofa yana haki. Lauya ne, abokin cinikinmu na shekaru.

"Madalla da ku! Jiya da yamma na kawo rigar kotu, har an gama. Ku ba ni, sha ɗaya nake da zama."

Na ce, "Yallaɓai, ai ko ruwa ba ta gani ba."

Ya miƙo mini wayarsa. Saƙon kamfaninmu ne, wanda ke tafiya da kansa in an gama aiki: kayanka sun shirya, zo ka karɓa. Ban gama karantawa ba wata ma'aikaciyar jinya ta shigo neman fararen kayanta. Bayanta wani tsoho da jikarsa. Bayansu motar otal ta ja birki, direban ya buɗe baya yana cewa a fara lodin zannuwan gado ɗari biyu, baƙi na hanya. Na leƙa titi na ga mutane na tahowa ta ko'ina, wasu a ƙafa, wasu a babur, kowa da waya a hannu yana murmushi.

"Kun gani?" in ji Sha-Yanzu daga kan kwando. "Labari ya bazu. Jama'a sun zo ganin fasaha."

Uwar Ɗaki ba ta jira almakashi ba. Ta kama zanin gadon ta fizge.

Fanka ce, mai juya kai hagu da dama. An ɗaure mata ƙarfen rataye kaya a wuya da igiyar takalmi, a bakin ƙarfen an ɗaure fensir, gindinsa mai roba yana kallon ƙasa. In fankar ta juyo dama sai fensirin ya sauka a kan babban maɓalli, ƙwas, ta tafi hagu ta dawo, ƙwas. Mai Aski ya fashe da dariya har ya dafa Tela. Ni kuwa allon na kalla. Ba shafin neman suna ba ne a buɗe. Jerin kayan da ke jiran wanki ne, kuma daga sama har ƙasa ya zama kore.

Mai Kanta ta dafe kai. "Injiniya, wa ya ce ka buɗe wannan shafin?"

"Wancan shafin ba ya nuna komai. Wannan kuwa duk dannawa sai layi ɗaya ya koma kore. Kore ai alamar lafiya ce."

"Kore alamar an gama ce! Duk wanda ya koma kore an aika masa saƙo!"

"Mutum nawa ne a jerin?" in ji Uwar Ɗaki, muryarta a ƙasa.

"Ɗari huɗu da ƴan kai, ranki ya daɗe."

Wayar Uwar Ɗaki ta sake ƙara. Ashe labulen ofishinta ne na ƙarshe a jerin. Da fensir ya kai ƙarshe bai sami na gaba ba, sai ya tsaya a kanta yana sake aikawa. Ta ɗaga wayar ta nuna mini. Sau sittin da uku kamfaninta ya gaya mata ta zo ta karɓi labulenta, ga labulen can a ƙasan tuli, direban otal na tsaye a kansa.

Daga nan shago ya rikice. Lauya ya kutsa baya ya tono rigarsa da kansa, ya fito da ita a cukurkuɗe da tabon shayi a ƙirji, yana rantsuwa sai ya maka mu a kotun da za shi. Ma'aikaciyar jinya ta ce ta bar marasa lafiya ta hau babur biyu don wannan saƙo. Wata mata ta gano bargon da ta manta da shi wata takwas, ita kaɗai ce ta fita tana sa mana albarka. Tunda komai ya zama kore, ba mai iya cewa wanne aka wanke wanne ba a wanke ba, sai aka koma sunsunawa. Baba ya tsaya a ƙofar ɗakin guga da dutse a hannu yana cewa duk wanda ya taɓa masa kari sai ya goge shi. Can wani gajere mai ƙiba ya tsaya gaban kwando ya ƙura wa Sha-Yanzu ido.

"Malam, wannan kwat ɗin kamar na san shi."

"Kwat ai duk kama suke yi."

"Da sunana a cikin aljihu suke kama?"

A gaban jama'a aka tuɓe shi, hannu ɗaya bayan ɗaya, ya rage daga shi sai singileti da igiyar wuya. Duk da haka bai sauko daga kwandon ba.

Mai Tabarau ta ratsa ta zare wayar fankar daga bango. Ƙwas ɗin ya tsaya, wayar Uwar Ɗaki ta huta. Ta jawo kujera ta zauna, ta buɗe wani ɗan shafi ta rubuta layi biyu, ta rufe. Ko minti uku ba ta yi ba.

"Shi ke nan," in ji ta. "Yanzu duk minti biyar kwamfutar za ta aika wa hedkwata ɗan saƙo da kanta, ina nan, hedkwata ta ce ni ma ina nan. Mai gadin layi zai ga ana magana, ba zai rufe ba. In ma ya rufe, za ta gane nan take ta buɗe sabo. Abin da na fara faɗa ke nan ranar da aka kashe mini waya."

Sha-Yanzu ya yi tsalle daga kan kwando.

"Jama'a ku shaida! Kun ji da kunnenku! Ɗan saƙo lokaci-lokaci don kada layi ya yi barci. To wannan ba fankata ba ce? Ta ɗauke fankata ta cusa cikin kwamfuta! Wallahi satar fasaha ce tsakar rana!"

"Tawa ba ta kiran mutane ɗari huɗu," in ji Mai Tabarau.

"Ƙaramar fasaha ce shi ya sa. Tawa ta haɗa da talla."

"Samari," in ji Baba, "in ka ƙara kalma ɗaya, tallan da zan yi maka a baya sai ya fi na farar rigar nan fitowa."

Uwar Ɗaki ta hau kan kwandon da ya bari, ta ba jama'a haƙuri, ta ce kowa a kai masa kayansa har gida kafin gobe da yamma. Ta sa aka ɗauki Lauya a motarta da rigar wani lauyan da ya yi tafiya. Sai da shago ya rage daga mu sai maƙwabta, sannan ta juyo gare ni. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Hannu kawai ta miƙo.

Na buɗe jaka. Makullai bakwai ne a zobe ɗaya, na san kowanne ko ido rufe, na ƙofa da na karɓo wurin Sha-Yanzu da safe, na sito, na ɗakin inji. Na ciro su. Na so in ce shekara shida, na so in ce ba ni na ba shi na ƙofa ba, amma wa ya tsaya masa? Na sa mata su a tafin hannu, ta miƙa wa Mai Kanta, wadda ni na koya mata yadda ake rubuta lambar kaya. Baiwar Allah ta karɓa tana kuka kamar ita aka kora.

"Ba zan kore ki ba," in ji Uwar Ɗaki. "Hannunki na da kyau a guga, na tuna. Akwai kaya ɗari huɗu a baya."

Na shiga ɗakin guga. Baba ya matsa gefe ya ba ni rabin teburin, ya tura mini dutsen da ya fi sauƙin riƙewa. Na shimfiɗa zanin gado na farko, hawaye na ɗiga a kai dutsen yana busar da su. Ban taɓa jin ƙanƙanta irin ta ranar ba.

Ina kan zani na uku na ji motsi a ƙofa. Sha-Yanzu ne, fanka a kafaɗa, fensir na lilo a bakin ƙarfe. Ya rage murya, fuskarsa cike da tausayi na gaske.

"Matar Yaya, ki yi haƙuri. Haka duniya take yi wa masu fasaha da waɗanda suka yarda da su." Ya gyara riƙon fankar. "Amma tsakaninki da Allah, ki faɗi gaskiya. Daga ƙarfe takwas zuwa goma, layin ya yanke ko sau ɗaya?"

Na dube shi. Na dubi dutsen da ke hannuna yana huci. Baba ya kama mini gwiwar hannu a hankali.

"Bai yanke ba," na ce.

"Alhamdulillahi," in ji shi, ya sauke ajiyar zuciya. "To don Allah in mun koma gida, ki fara gaya wa Mama wannan."